Ina neman Hausar "microbiote" kafin jibi

Rabi'atu, mai shirin lafiya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ranar 28 ga Yuli ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, kuma gidan rediyonmu ya ba ni minti 25 in yi shiri na musamman. Jibi da safe za mu ɗauka. Likitan da zai zo ya turo min takarda shafi uku da Faransanci, na juya kusan duka, wuri ɗaya ne ya tsaya min a wuya: "microbiote intestinal". Wato tarin ƙananan abubuwan nan masu rai da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin hanjin kowa, mai lafiya da marar lafiya. Takardar ta ce suna da hannu a yadda garkuwar jiki ke tsare hanta daga sankara.

Da farko na rubuta "ƙwayoyin cuta na hanji". Na karanta wa Inna, sai ta ce, "To a ba mu maganin kashe su mana." Nan jikina ya yi sanyi. In tsohuwa ɗaya a unguwar Bagalam ta nan Maradi ta ji haka, mutum nawa za su ji haka daga nan har Dakoro? Kowa ya san masu tallar magani a kan tire ba su tambayar takardar likita. Don Allah a taimaka min da kalmar da babu "cuta" a cikinta.

Aminu daga Jibiya:
Wa alaikumus salam. Ki ce "bakteriyar hanji" ki huta, Anti. Ba mu ce kwamfuta ba? Ba mu ce intanet ba?

Malam Sabi'u:
Larabci yana da "jarasim". Sai dai ita ma ta fi karkata ga masu cutarwa, don haka ban dage a kanta ba.

Dakta Mahaman:
Ni ne na jefa Rabi cikin wannan aiki, bari in faɗi abin da kalmar za ta ɗauka, sannan masu harshe su auna.

Malam Aminu, bakteriya ce ta fi yawa, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai dangin yis da fumfuna, akwai ƙwayoyin birus. Lissafin da aka fitar a 2016 ya ce jikin babban mutum na ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba.

Abin da ya haɗa su da hanta jijiya ce. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta hanta tukuna, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta ta wannan hanya yake zuwa. Ku ɗauki hanta kamar ƴan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, na Ɗan Isa: duk kayan da ya fito daga hanji sai an sauke shi a gabanta, mai kyau da gurɓatacce. Shi ya sa take cike da sojojin garkuwar jiki.

Hanta kuma tana yin ruwan matsarmama, ta zuba shi a hanji don ya narka maiƙo. Wajen kashi 95 cikin 100 na sinadaran ruwan nan jiki na sake tsotse su ya mai da su hanta. Amma kafin su koma, wasu bakteriya dangin Clostridium kan juya wani kaso nasu ya zama wani abu dabam. A 2018 ƙungiyar Tim Greten ta cibiyar binciken sankara ta ƙasar Amurka ta wallafa a mujallar Science cewa ruwan na asali yana sa bangon jijiyoyin hanta ya fitar da wani sinadari, CXCL16, mai kiran wasu sojoji da ake ce wa NKT, masu kashe ƙwayoyin sankara. Wanda aka juya kuwa rage wannan kira yake yi. Da suka ba ɓeraye magani ya kashe waɗannan bakteriya, sojojin sun ƙaru a hanta, ƙarin sankarar da ke hanta ya ragu. Kafin nan, a 2013, masu bincike a Japan sun nuna cewa ƙiba na ƙara irin wannan juyayyen ruwa a jikin ɓera, shi kuma ya taimaki sankarar hanta.

A lura, ɓeraye na ce. Kuma a cibiyar Gustave Roussy ta Faransa an ga akasin haka ta wata fuska: masu sankarar huhu da ta ƙoda da suka sha maganin kashe bakteriya dab da fara maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ba su amfana da shi kamar sauran ba. Ke nan kalmar da za mu zaɓa kada ta ce abokai ne, kada ta ce abokan gaba ne.

Mushe Issufu na Tibiri:
Ɗiyata Rabi, kwantar da hankalinki. Hausa ba ta taɓa gazawa ba, masu ita ne ka gazawa. Mutanen Gobir mi aka ce musu? Gobirawa. Na Adar, Adarawa. Na Katsina, Katsinawa. To waɗanda anka haifa cikin hanji, nan suka ci, nan suka sha, nan za su mutu, mi za a ce musu in ba Hanjawa ba? Guda ɗaya Bahanje. Kalma ɗaya tak, ba jimla mai jela ba. Kuma ta cika sharaɗin Dakta, don cikin Gobirawa akwai na kirki akwai ɓarayi, sunan bai yanke ma kowa hukunci ba. Shekara 31 na yi ina koyar da yara da Hausa a makarantun gwaji, na san kalmar da ka zama a bakin yaro. Wagga za ta zauna.

Aminu daga Jibiya:
Wallahi Baba ta yi daɗin faɗi. Hanjawa.

Hajiya Zuwera, ungozoma:
Mushe, Allah ya ƙara girma, kalmar ta yi kyau a kunne, amma ni tsoro ta ba ni. Ni ke zama da mata a ɗakin awo kullum. Ka ce wa mace a ƙauyen Madarunfa akwai wasu "-awa" zaune a cikinta, ba a ganinsu, suna iya taimakonta, suna iya cutar da ita. Me ka siffanta mata? Mutanen ɓoye. Gobe gidan mai bori za ta, ba asibiti ba. Da ma muna fama da "ciwon daji", wasu na jin daji sai su ce daga daji aka jefo shi. Shi ya sa na ji daɗi da Rabi ta rubuta sankara.

Malam Sabi'u:
Akwai wata matsalar kuma. Dakta, ba a hanji kaɗai suke ba ko? In akwai na baki da na fata, na fata sai su zama "fatawa". Wannan kalma tana da mai ita, kuma ba wurin wasa ba ce.

Dakta Mahaman:
Haka ne Malam, akwai na fata, na baki, na hanci, da na al'aurar mata.

Mushe Issufu na Tibiri:
Allah gafarta Malam, ba na fata anka tambaye mu ba, na hanji anka tambaye mu. In ranar fata ta zo mu san abin da munka yi. Hajiya kuwa, ina jin maganarki, amma da tsoro aka gina harshe da ba mu da "jirgin sama". Jirgi na ruwa ne tun kakanni, anka ɗora shi bisa ƙarfe, anka ɗaga shi sama, wa ya ruɗe? Garkuwa fatar da mayaƙi ka riƙewa ce, yau ga Dakta na cewa garkuwar jiki, ba wanda ya je neman fata cikin cikinsa. A yi bayani sau biyu, sau uku, mutane su saba.

Lawali, ma'aikacin lafiyar dabbobi, Dakoro:
Ku ba makiyayi dama ya sa baki. Mu wannan abu ba sabo ba ne gare mu. Saniya ba ta iya narka ciyawa da kanta, halittun da ke cikin tumbinta ke yi mata. In aka ɗura wa akuya kafso da yawa ta baki, sai ka ga ta daina tuƙa, ciki ya tsaya, don an kashe masu aikin. Abin da muke yi, mu je mahauta mu ɗebo ruwan tumbin lafiyayyar dabba da aka yanka yanzu, mu tace, mu ɗura mata tun da ɗuminsa. Sau da yawa ta tashi.

Ni "garken hanji" nake ba da shawara. Garke abu ne da ake kiwo, yana ƙoshi, yana ramewa, yana watsewa in an yi sakaci. Abin da likitoci ke kira "dysbiose" sai a ce garken ya rikice. Mutumin karkara zai gane nan take cewa ba abin kashewa ba ne.

Rabi'atu, mai shirin lafiya:
Yaya Lawali, misalin akuyar nan zan sa shi a shirin in ka yarda. Amma garke, ina jin kamar za a ɗauka tsutsar ciki ce, a tafi neman maganin tsutsa.

Aminu daga Jibiya:
Ni fa har yanzu ban ga laifin aro ba. Kuma gaskiya, Anti, duk abin da za ki ƙirƙira in bai yi daidai da abin da manyan gidajen rediyo da jami'o'in Kano da Zariya ke faɗi ba, a Maradi zai tsaya. Su "ƙwayoyin cuta masu amfani" suke cewa, kowa kuma ya gane. Daidaitacciyar Hausa ɗaya ce.

Mushe Issufu na Tibiri:
Yaro, nan ne ka taka min ƙafa. "Ƙwayoyin cuta masu amfani", ka saurari kanka? Cuta mai amfani? Wuta mai sanyi ke nan. Don an faɗe ta a Kano ba ta zama daidai ba.

Kuma wa ya ba Kano makullin Hausa? Mu nan anta muka cewa, ku ce hanta. Mu ce gujiya, ku ce gyaɗa. Mu ce kusu, Dakta ya je karatu ya komo yana ce muna ɓera. Ba mu ce kun yi kuskure ba, ku ma kada ku ce mun yi. Taron Bamako na 1966 da ya zauna kan rubutun harsunanmu ba Kanawa kaɗai anka kira ba. Makarantar gwaji ta farko da ta koyar da yara da Hausa a ƙasar nan ta Nijar, a Damagaram anka buɗe ta tun 1973. A 2025 kuma ƙasar nan ta rubuta cikin kundinta cewa Hausa ce harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuma shi tsaya yana jiran a aiko masa da kalma daga ƙetaren iyaka? Kun cika Hausarku da Ingilishi, kuna ce muna mu ne ba mu iya ba.

Aminu daga Jibiya:
Baba, ban raina kowa ba, kakata ma Bamaradiya ce. Amma ku ma kuna cewa lakwal, kuna cewa duwan, har sunan da ake kiranka da shi, mushe, daga Faransanci ya zo. Aro aro ne. Abin da nake nufi, mai sauraron Anti Rabi yana kama tashoshin Katsina, mu ma muna kama na Maradi. In kowane gari ya ƙera tasa kalmar, majinyaci ne zai sha wuya ran da ya tsallaka neman magani.

Mushe Issufu na Tibiri:
To sai ku ɗauki Hanjawa ku kai Kano. Hanya ai ba ta tafiya gefe guda.

Malam Sabi'u:
A yi haƙuri da juna. Yarinyar nan jibi za ta shiga ɗakin ɗauka.

Hajiya Zuwera, ungozoma:
Na gode Malam. Ni abin da ya dame ni, mun fi awa uku a kan suna, ba wanda ya ce uffan kan abin da ke kashe mana mutane. Mushe, ka tuna lokacin da aka shigo da "ƙanjamau"? Kalmar ta zauna a baki, ƙwarai kuwa, amma ta zauna da hoton ƙwarangwal, har mai ɗauke da cutar da ƙibarsa ya ce shi ba shi da ita. Zaman kalma a baki ba shi ne kaɗai abin dubawa ba.

Rabi, in kina son mata su gane, shiga madafa. Kowace mace ta san in za ta kwantar da kindirmo sai ta zuba ɗan ragowar nonon jiya a cikin madarar. Ta san kalwa ba ta zama daddawa sai an rufe ta ta kwana biyu ko uku. Ta kuma san tuwo na yin fumfuna. Duk aikin irin halittun nan ne, wani gyara, wani ɓarna. Ki fara da wannan, sunan ya biyo baya.

Dakta Mahaman:
Hajiya ta faɗi abin da ya kamata in fara faɗi. Rabi, ko wace kalma aka tsayar, kada zancen hanji ya wuce minti biyar cikin 25 ɗin nan. Bincike ne mai ban sha'awa, ni ma shi ya ja ni na rubuta shafi guda a kansa, amma waɗanda nake gani ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, ɗan shekara 35 ko 40, abu biyu ne ke kawo mafi yawansu.

Na farko ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma cutar za ta zauna masa har girma, alhali babban da ya kamu, ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zaunawa. Shekaru tana cin hanta shiru, ba zazzaɓi ba ciwo. Akwai allurar rigakafi, akwai gwajin jini, akwai maganin da ke danne ta.

Na biyu dafin fumfunar da ke kama gujiya da masara in an adana su da danshi, aflatoksin. An gano shi ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, da suka ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gujiya. Mu da garinmu ya yi suna da gujiya, wannan namu ne. Tafasa ba ta kashe dafin, suya ba ta gama da shi, kuma gujiyar da aka tsince aka ce ta lalace sau da yawa ita ke komawa ƙuliƙuli mai araha. In ya haɗu da nau'in B a hanta ɗaya, haɗarin ninkin-ba-ninkin ne.

Mushe, ka ga na ce gujiya.

Mushe Issufu na Tibiri:
Na gani, Allah shi yi albarka. Saura kusu.

Rabi'atu, mai shirin lafiya:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta yanzu: "mazauna hanji". Ba cuta, ba garke, ba mutanen ɓoye. Ya kuka gani?

Hajiya Zuwera, ungozoma:
A'a ɗiyata. Faɗe ta da sauri sau uku a gaban makirfo ki ji. Da "mazaunai" za ta fito, ga kuma hanji kusa da ita. Samari za su mai da shirin abin dariya.

Lawali, ma'aikacin lafiyar dabbobi, Dakoro:
Tun ɗazu kowa a nan in zai yi bayani "halittu" yake cewa, har ni da na kawo garke, har Hajiya. Me zai hana a bar ta haka? Halittun hanji. Na fata, halittun fata. Na tumbi, halittun tumbi.

Malam Sabi'u:
Wannan ta kwanta min. Halitta ba ta yabo ba ta zagi, kuma tana tuna wa mai ji cewa akwai Wanda ya halicce su ya ajiye su a wurin.

Aminu daga Jibiya:
Tsutsar ciki ma halitta ce a hanji. Sai an ƙara "ƙanana", ko "da ido ba ya gani". Amma za a gane ta a Katsina, wannan na yarda.

Mushe Issufu na Tibiri:
"Ƙananan halittun hanji da ido ba ya gani." Kalma takwas, wurin da Bature ya sa biyu, ni na sa ɗaya. Wanga ba suna ba ne, kwatance ne. Ɗalibin likitanci a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ba zai rubuta wanga jela cikin littafinsa ba, Faransanci zai koma, mu kuma mu ce Hausa ba ta iya kimiyya ba. Amma shirin naki ne, ɗiyata, kuma maganar Hajiya kan mutanen ɓoye ta tsaya min a rai, ba zan ɓoye ba. Yi da halittunki a rediyo. Ni cikin kundina Hanjawa na rubuta, da kwanan wata.

Rabi'atu, mai shirin lafiya:
An ɗauka da safen nan, alhamdu lillahi. Na buɗe da kindirmon Hajiya, na bi da akuyar Yaya Lawali, na faɗi doguwar sau ɗaya, daga nan "halittun hanji" har ƙarshe. Na maimaita sau biyu cewa gwajin a kan kusu aka yi, kada kowa ya sayi kafso ko Flagyl da sunan wanke hanji. Dakta ya manta ya ce "mikirob" sau biyu, mai haɗa sauti ya ce a bar shi. Inda muka yi tuntuɓe shi ne ruwan matsarmama na asali da wanda aka juya. Na ce "juyayyen ruwan matsarmama", ban gamsu ba, kuma Inna ta ce su maɗaciya suka sani. Sojojin NKT kuwa "wasu sojojin hanta" kawai na ce.

Mushe Issufu na Tibiri:
Dogaran anta. Wannan kada kowa ya yi min gardama a kanta. Maɗaciya kuma Innarki ta fi ki gaskiya.

Hajiya, wata tambaya ba ta harshe ba. Matar ɗana ta haihu gida kwana tara da sunka wuce, ba a yi ma yaron wata allura ba, ita ma ba a taɓa auna jininta ba. Kakan yaron na wajen uwa da kumburin ciki ya rasu. Mun makara?

Hajiya Zuwera, ungozoma:
Barka da arziki, Mushe, Allah ya raya. An fi son allurar farko ta ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, amma kada wannan ya sa ku zauna. A kai shi asibiti mafi kusa gobe da safe, a buɗe masa katin rigakafi, a faɗa musu zancen kakan nasa kamar yadda ka faɗa min. Allurar penta tana ɗauke da rigakafin nau'in B, ana yin ta a sati 6, da 10, da 14, kada a tsallake ko ɗaya. Uwar a auna jininta, shi ma ɗanka a auna shi.